Digirin Ma'aikata: Yadda Za Ka Tantance Shi Kafin Ka Biya Ko Sisi

Tun da aka shiga yayin "yi digiri kana bakin aikinka" kusan kullum sai wani ya tare ni, ko bayan sallar Magariba ko ya turo min hoton fosta ta WhatsApp, wai Malam dan Allah duba min wannan makarantar ta gaskiya ce? Yawancinsu ma'aikata ne, malaman firamare masu NCE, ma'aikatan jinya, 'yan banki masu HND da aka daɗe ana tsallake su wajen ƙarin girma. Fostocin kuma kusan duk iri ɗaya ne, tambari biyar shida a jere a ƙasa, a sama an rubuta da manyan baƙi wai duniya ta amince da makarantar. To ga yadda ni nake bi in duba, daki-daki, kowa zai iya yi da wayarsa.

Amma ka fara riƙe wannan, babu wata hukuma guda ɗaya a duniya da take tantance jami'o'in kowa da kowa. Kowace ƙasa da hukumarta. Duk wanda ya ce maka "ai mu duniya ce ta tantance mu" ka tambaye shi wace hukuma, a wace ƙasa, kuma wa ya ba ita hukumar izini.

1. Fara da inda za ka kai takardar

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ma ka buɗe shafin kowace makaranta, ka zauna ka rubuta a takarda, wannan digirin idan na gama wa zan miƙa wa? Idan ƙarin girma kake nema a aikin gwamnatin jiha, to ofishin ma'aikata na wurin aikinka da ofishin Shugaban Ma'aikata su za su ce e ko a'a. Idan digiri na biyu kake son ɗorawa a BUK ko ABU, makarantar karatun gaba da digiri ce za ta duba. Idan lasisin sana'a ne, to kowace sana'a da mai gadinta: COREN ta injiniyoyi, MDCN ta likitoci, NMCN ta ma'aikatan jinya da ungozoma, TRCN ta malamai. Idan kuma fita waje kake niyya, masu auna takardu irin su WES a Amurka da Kanada, ko UK ENIC a Ingila, su za su yanke hukunci.

Ka je musu da sunan makarantar da sunan kwas ɗin da kuma yadda za a yi karatun, ka ce in na kawo wannan za ku karɓa? In da hali amsar ta zama a rubuce.

Gargaɗi: masu sha'awar lauya, Makarantar Horon Lauyoyi ba ta ɗaukar wanda ya yi digirin shari'a na fat-taim. Kar wani ya ce maka ai daga baya za a gyara.

2. Gano sunan wa zai fito a satifiket ɗin

Nan mutane da yawa suke ruɗewa. Wurin da kake zuwa lakca ranar Asabar daban, wanda zai ba ka digirin daban. Sau tari cibiya ce kawai a wani bene a Zoo Road ko hanyar Zariya, ita ke karɓar kuɗi ita ke kawo malamai, amma ta ce takardar daga wata jami'a za ta zo. Wannan tsarin shi kansa ba laifi ba ne, akwai masu yin sa bisa ƙa'ida. Abin da za ka yi shi ne ka ce a nuna maka samfurin satifiket da tiranskirif, wato takardar makin kwasa-kwasai, na wanda ya riga ya gama, a rufe sunansa in ana so. Sunan da ke saman takardar nan, shi za ka bincika a matakan da ke tafe, ba sunan da ke jikin allon ƙofar cibiyar ba.

Sai ka nemo adireshin imel na rajistaran ita uwar jami'ar daga shafinta na asali, ba wanda cibiyar ta ba ka ba, ka rubuta layi uku: akwai cibiya mai suna kaza a Kano, tana cewa tana koyar da kwas kaza da sunanku, gaskiya ne? In suka ce ba su san da ita ba shikenan an huta. In kuma mako biyu uku suka wuce shiru, ni dai ba na ba da shawarar a biya.

3. In jami'ar gida ce, abu uku za ka duba a NUC ba ɗaya ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga sunan jami'a a jerin NUC, wato Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, sai ya ce ai ta halatta, ya tura kuɗi. Wannan kashi ɗaya ne cikin uku.

Na farko ita jami'ar, tana cikin jerin na tarayya ko na jiha ko masu zaman kansu a shafin nuc.edu.ng? Hukumar takan kuma fitar da jerin haramtattun jami'o'i, shi ma ka leƙa.

Na biyu shi kwas ɗin. NUC kwas-kwas take tantancewa, jami'a ɗaya za ka tarar Akawu ya samu, Aikin Jarida bai samu ba. Sakamakon iri uku ne kuma da Turanci za ka gan su a rubuce. Full shi ne cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Interim ta wucin gadi ce, shekara 2 kafin a dawo a sake dubawa. Denied kuwa an hana ke nan, ba a yarda a ɗauki sabbin ɗalibai a kwas ɗin ba sai an gyara. Ka lura da shekarar da aka ba da sakamakon, don Full ɗin da aka bayar shekara bakwai da suka wuce ya riga ya ƙare, sai an nuna maka sabo. Sabon kwas da bai kai lokacin tantancewa ba kuma, dole ya zama NUC ta zo ta duba malamai da kayan aiki ta ba da izinin farawa, ka ce a nuna maka wasiƙar.

Na uku, wanda shi ya fi shafarka a matsayinka na ma'aikaci, shi ne tsarin karatun. Amincewa da kwas ga ɗalibai na kullum ba ya nufin an yarda a koyar da shi fat-taim ko daga nesa. NUC tana da jeri na daban na cibiyoyin karatu daga nesa da ta yarda da su, da wani jerin na kwalejojin da aka yarda su yi digiri da haɗin gwiwar wata jami'a. A nan kusa da mu akwai Makarantar Ci Gaba da Karatu ta BUK a titin Aminu Kano, akwai cibiyar NOUN a Sauna wajen Dakata, akwai Cibiyar Karatu Daga Nesa ta ABU Zariya, kuma ko a waɗannan ɗin ma ka duba kwas ɗinka da kanka, ba raini ba ne, haƙƙinka ne.

In difloma ce ta kwalejin kimiyya da fasaha to hukumar NBTE da ke Kaduna za ka duba, in NCE ce hukumar NCCE. Masu HND ku buɗe kunne a nan: a 2023 NBTE ta fito da shirin ƙarin shekara ɗaya ta intanet da jami'o'in waje don mayar da HND digiri, NUC kuma ta fito fili ta ce ba da yawunta ba, ita ce mai hurumin digiri a Najeriya. Don haka duk mai tallata maka "top-up" ka tambaye shi matsayin NUC a kan wannan shirin nasa a yau, kuma ka koma mataki na 1.

4. JAMB da NYSC

Wannan gajere ne amma ya kayar da mutane. Ko fat-taim kake ko daga nesa, digiri na farko a Najeriya dole adimishan ɗinka ya bi ta JAMB, ka samu lambar rajista, ka ga sunanka a jerin ɗaliban da JAMB ta sani. Ka duba tun a aji ɗaya, kar ka bari sai ka gama. Wanda ya yi fat-taim ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar cirewa ake ba shi wadda ake kira Exclusion, ita daban take da Exemption ta wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama. In makaranta ta ce maka fat-taim za ka yi amma za a tura sunanka a matsayin ɗalibin kullum don ka sa kaki, ka gudu, ƙarya ce za a gina takardarka a kai kuma kai za ta ci ran da aka tono.

5. In ta waje ce, je ka hukumar ƙasarsu

Ƙa'idar ɗaya ce, jami'ar da ƙasarta ba ta yarda da ita ba, babu ƙasar da za ta yarda da ita. Ga inda ake dubawa, duk kyauta ne sai data:

Ingila, rajistar Office for Students, kuma ka tabbata an nuna tana da ikon ba da digiri da kanta. Amurka, rumbun DAPIP na Ma'aikatar Iliminsu da kuma shafin CHEA, ƙungiyar da take amincewa da hukumomin tantance jami'o'i a can, a nan sau biyu za ka duba, ita makarantar, sannan ita hukumar da ta tantance ta ko tana cikin waɗanda aka yarda da su. Maleshiya, rajistar MQR ta hukumar MQA, su ma kwas-kwas suke jerawa har da lamba. Indiya, UGC, kuma karatun nesa da na intanet yana da nasa izinin daban. Yuganda, NCHE. Masar, Majalisar Ƙoli ta Jami'o'i. Ƙasashen renon Faransa irin su Nijar da Benin da Togo, ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar, sannan CAMES, majalisarsu ta haɗin gwiwa kan ilimi mai zurfi, mai hedikwata a Wagadugu. In ka rasa ta inda za ka fara, shiga whed.net, kundin jami'o'in duniya ne na ƙungiyar IAU da haɗin gwiwar UNESCO, amma ka ɗauke shi a matsayin ƙofa kawai, hukumar ƙasar ita ce hujja.

Ka kula da rubutun sunan harafi-harafi. 'Yan damfara suna ɗaukar sunan sananniyar jami'a su ƙara kalma ɗaya ko su juya biyu.

Duk mun tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, a Agustan shekarar kuma ministan ilimi na lokacin Farfesa Tahir Mamman ya ce sama da mutum 22,000 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i 8 kacal aka yarda da su, 5 a Benin 3 a Togo. Abin da ya fi ci min rai a wannan lamarin, ba duka ne suka sayi takarda ba, akwai bayin Allah da suka zauna aji suka yi jarrabawa da guminsu, kawai dai ba su duba matsayin makarantar ba. Akwai wanda muka yi aiki tare, magidanci mai 'ya'ya biyar, adashe ya ɗauka ya haɗa da kuɗin fili ya yi irin wannan karatun a wata cibiya, ranar da ya kai takardar neman ƙarin girma aka dawo masa da ita. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

6. Tambarin nan da ke jikin fosta

Ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ɗauki tamburan ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka me kowanne yake shaida.

Rajistar CAC a nan gida ko ta Companies House a Ingila shaidar kamfani ce, mai shagon takalma ma yana da ita. Lambar UKPRN ta Ingila rajista ce kawai ta masu ba da horo, ba amincewa da digiri ba ce. ISO 9001 da ISO 21001 suna nuna tsarin gudanarwa ne, ba sa ba kowa ikon ba da digiri. Zama mamba a wata ƙungiya shi ma daban yake da tantancewa, galibi kuɗin shekara ake biya a shiga.

Akwai tamburan da suke da nauyi da gaske. A fannin kasuwanci AACSB da EQUIS da AMBA, a injiniyanci da kwamfuta ABET, sai yarjejeniyar Washington Accord ta injiniyoyi wadda COREN ta shiga a matakin wucin gadi a 2023. Amma ko su ɗin ƙari ne a kan amincewar hukumar ƙasa, ba sa maye gurbinta. Kuma AACSB da EQUIS da AMBA da ABET kowannensu yana da jerin makarantunsa a shafinsa, can za ka nemo sunan, kar ka yarda da hoton da aka liƙa. A AACSB musamman ka bambance mamba da wanda aka tantance, jeri biyu ne.

7. Yi lissafin awanni, kuma ka tambayi yadda aikinka zai zama maki

Wannan matakin shi na fi so don ba ya buƙatar kowa, kalkuleta kawai. A tsarin Ingila kiredit ɗaya awa 10 ne na karatu, digiri na farko kiredit 360, na biyu 180. Wato mastas awa 1,800 ke nan. Ma'aikacin da yake tashi daga aiki ƙarfe huɗu, ga cefane ga zumunci ga rashin wuta, in ya yi ƙoƙari ya samu awa 15 a mako, to mako 120 zai yi, sama da shekara biyu. Digiri na farko awa 3,600 ne, wanda ya ce zai ba ka shi a wata shida yana nufin za ka riƙa karatun kusan awa 20 kullum ba Juma'a ba Lahadi. Ka ga lissafin da kansa ya ba ka amsa. A Turai kiredit 60 ne a shekara, kowanne awa 25 zuwa 30. A gida kuma digirin shekara huɗu ba ya gaza yunit 120, mai shiga aji biyu kai tsaye 90.

Za su ce maka ai ƙwarewarka ta aiki ce ta rage maka lokaci. Wannan tsarin gaskiya ne akwai shi, a Ingila ana ce masa RPL, a Maleshiya APEL, ko NBTE tana yin sa a tsarin NSQF na masu sana'ar hannu. Sai dai ba da baki ake yi ba, fayil kake haɗawa na ayyukan da ka yi da shaidu, malamai su auna shi da abin da kwas ɗin yake so ka iya, wani lokacin har da ganawa ko gwaji, kuma akwai iyaka, ba a yafe maka digirin gaba ɗaya. Wanda ya kalli CV ɗinka na minti biyar ya ce an yafe maka shekara uku, sayar maka yake yi.

Shirin da ake kira karatu a bakin aiki na gaske yana da alamomi, ka tambaye su kai tsaye. Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninka da jami'a da wurin aikinka? Wa zai zama mai kula da kai a ofis, kuma jami'a ta san shi? Wane malami ne zai riƙa bibiyar littafin aikinka, sau nawa a zango? Wa yake ba da makin ƙarshe? In ogan ka ne shi kaɗai, da matsala, dole malamin jami'a ya duba sannan mai jarrabawa daga wata jami'ar ya sake dubawa. Furojet ɗinka a kan matsalar wurin aikinka zai kasance? In haka ne ka nemi izinin amfani da bayanan ofis tun da wuri, musamman ku 'yan banki da asibiti.

Wani abu kuma, shirin nan na Ingila da ake kira digiri afrentis, wanda aka fara a 2015, kamfani ke ɗaukar nauyi kana aiki kana karatu, na mai izinin aiki a can ne wanda yake aikin a can. Ba a yin sa daga Kano, kar ka ba ejan kuɗi a kansa.

8. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya

Duk takardar waje da za a yi aiki da ita a gwamnati ko a je NYSC sai ta bi ta sashen tantance takardu na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, ana cike fom ta intanet a biya ta Remita. Shawarata kar ka jira sai ka gama, ka tuntuɓe su tun kafin ka biya kuɗin makaranta ka ji matsayin jami'ar.

Gargaɗi babba ga masu digirin waje ta intanet: wajen tantance ɗaliban waje, NYSC tana neman fasfo mai biza da hatimin fita da dawowa, shaidar cewa ka zauna a ƙasar. Kai da ka yi karatun daga ɗakinka a Gwammaja ba ka da wannan. Jami'ar tana iya zama ta ƙwarai a ƙasarta amma ka sha wahala a nan. Don haka ka faɗa musu ƙarara cewa ta intanet za ka yi, ka ji amsa. In jami'ar waje ce take koyarwa a cikin Najeriya ta hannun wata cibiya, NUC ta fitar da ƙa'idojin irin wannan haɗin gwiwar a 2023, ka nemi wasiƙar izininsu.

9. Kuɗi da izinin wurin aiki

Kuɗin da ke jikin fosta ba shi ne kuɗin ba. Ka sa su rubuta maka komai: fom, kuɗin karɓar adimishan, kuɗin zango, rajistar kowane kwas, jarrabawa, furojet, yaye ɗalibai, tiranskirif. Kai kuma ka ƙara data, mota, da kwana in ana zuwa jarrabawa wani gari. In ta waje ce ka ƙara kuɗin aiko da takardu, na tantancewa a Abuja, da na WES ko ENIC waɗanda da dala da fam ake biya. Duk abin da yake da dala, ka ji farashin kasuwar canji ta Wapa na yau sannan ka ƙara wani abu a kai, don wanda ya fara karatu a farkon 2023 ya san yadda kuɗin makarantarsa ya ninka a hannunsa bayan an saki naira. Ka tambaya kuma in ka tsaya a tsakiya me za ka fita da shi, kuma in NUC ko hukumar ƙasarsu ta janye amincewa kana aji uku ina za a kai ku.

Kada ka tura kuɗi asusun mutum, ko da shi ne kodineta, ko da ɗan unguwarku ne. Asusun makaranta ko Remita, ka karɓi rasit.

Kafin ka yi rajista ka rubuta takardar neman izinin karatu ta hannun shugabanka, da sunan makaranta da kwas da tsarin karatun a ciki, ka jira amsa a rubuce. Mutane da yawa sun yi digiri mai kyau amma aka ƙi ɗora su a kai saboda ba su nemi izini ba, ko kwas ɗin bai dace da layin aikinsu ba.

Daga nan sai ka buɗe fayil guda. Wasiƙar izinin ofis, adimishan na makaranta da na JAMB, duk rasit, amsar imel ɗin rajistara, da hoton allon shafin NUC ko hukumar waje mai nuna kwas ɗinka da kwanan watan ranar da ka duba, don shafukan nan suna canzawa kuma abin da zai taimake ka nan gaba shi ne shaidar cewa kwas ɗin yana da amincewa a shekarar da ka shiga. Ka buga su a takarda, ka kuma tura wa kanka kwafi a imel, kuma duk farkon shekarar karatu ka sake shiga ka duba matsayin kwas ɗin kafin ka biya kuɗin sabuwar shekara.